Manhaja mai ido da kunne a makaranta: a gwada ta kafin a miƙa mata jan biro

Tambayar ta zo ne daga wata Hajiya mai makaranta a Agege da ke Legas, boko da safe, Islamiyya da yamma. Ta ce wani mai sayar da manhaja ya je ya nuna musu yadda ake ɗaukar hoton takardar ɗalibi da waya, manhajar ta karanta ta ba da maki nan take, har ma tana sauraron karatun yara ta faɗi inda suka yi kuskure. Malamanta sun gaji da makin, wato duba takardun yara da ba su maki, sun matsa mata ta saya. Tana son sanin ko abin na iya aikin da aka ce, da kuma yadda za ta gane.

Hajiya, ranki ya daɗe. Na koyar da lissafi a sakandare shekaru da dama kafin in koma aikin da nake yi yanzu a Yaba, wato gwada irin waɗannan manhajoji na ƙirƙirarriyar basira. Saboda haka na san gajiyar da malamanki ke faɗa miki. Na san ɗaukar littattafan aji uku a cikin leda, a shiga danfo da su, a isa gida bayan isha'i, a tarar an ɗauke wuta, a zauna makin da fitilar waya. Duk wanda ya yi wannan ba zai ga laifinsu ba. Amsata ita ce abin na iya wani ɓangare na aikin, kuma yana iya shi sosai. Amma kada ki biya ko kwabo sai kin gwada shi da takardun yaranki na gaske, kuma ko da ya ci gwajin, makin da zai shiga katin sakamako ya fito daga hannun malami.

Bari in fara da yadda abin yake gani, domin daga nan duk matsalar take tasowa. Galibin ƙananan manhajojin da ake yawo da su makarantu ba su da ƙwaƙwalwa ta kansu. Suna tura hoton ne zuwa ɗaya daga cikin manyan, irin su GPT na kamfanin OpenAI, ko Gemini na Google, ko Claude na Anthropic, su dawo da amsa su sa mata riga. Lokacin da ChatGPT ya fito a Nuwamba 2022 rubutu kawai yake karɓa. A Satumba 2023 aka ba shi damar duba hoto da jin murya, Gemini ya biyo baya a Disamba na shekarar, GPT-4o kuma a Mayu 2024. Ke nan abin da aka kawo miki sabo ne ƙwarai, ko yaye bai daɗe da yi ba.

Idan aka ba ta hoto, manhajar takan rage girmansa in ya yi yawa, sannan ta yayyanka shi ƙananan murabba'ai, ta mayar da kowane yanki lambobi. Waɗannan lambobin take haɗawa da kalmomin da aka rubuta mata, sai ta fara fitar da amsa kalma bayan kalma, kowace tana zaɓar wadda ta fi dacewa ta biyo baya bisa abin da ta saba gani. Ta koyi alaƙar hoto da magana ne daga tarin hotunan intanet masu bayani a ƙarƙashi. Ɗaya daga cikin ayyukan farko a wannan fanni, mai suna CLIP, a 2021, an horar da shi da hotuna miliyan 400 kowane da rubutunsa. Abin lura a nan shi ne karatu da hasashe a cakuɗe suke a wurinta. In tawada ta fito raɗau, karatu ne ke rinjaye. In ta dushe, ko hannu ya karkace, ko inuwa ta faɗa wa takarda, hasashe ne ke rinjaye, kuma sau da yawa ba za ta gaya miki ta koma hasashe ba. Da murya ɗaya take faɗin abin da ta gani da abin da ta zata.

Ga abin da ya faru a gabana, wanda tun daga ranar na canza yadda nake gwaji. Wani abokina malami ya kawo min takardun ajinsa bayan ya rufe sunaye. A ciki akwai ta wata yarinya, tambayar kuwa ita ce a warware x² − 5x + 6 = 0. Yarinyar ta rubuta (x − 2)(x + 3) = 0, a layi na gaba kuma ta rubuta x = 2 ko x = 3. Amsar ƙarshe daidai ce. Amma layin tsakiya kuskure ne, domin (x − 3) ya kamata ta rubuta, kuma daga abin da ta rubuta, −3 ya kamata ta samu. Ko dai ta leƙa takardar maƙwabciyarta, ko kuma ba ta fahimci abin da alamar ke yi ba sam. Kowanne ne, malami na buƙatar ya sani. Biron nata ya kusa ƙarewa, don haka tsayayyen layin alamar tarawa ya fito siriri, ya kuma faɗa kusa da jan layin gefen takarda. Ido na ganinsa in an duba. Na ɗauki hoto na ba manhaja tare da tsarin ba da maki. Ta ba yarinyar cikakken maki, ta ƙara da yabo cewa hanyarta a tsare take. Sai na ce mata ta kwafo min abin da ke takardar layi-layi ba tare da gyara komai ba. Ta rubuto (x − 2)(x − 3) = 0.

Ta ga wannan lissafi sau dubbai a warware daidai, sai ta karanta abin da ya kamata a ce an rubuta. Shi kuwa malami kuskuren yake nema, domin kuskuren ne ke nuna masa inda zai taɓa gobe. Duk wanda ya taɓa zaman makin lissafi na WAEC ya san akwai makin hanya da ake sa wa alamar M, akwai makin daidaiton amsa mai alamar A, kuma ba a ba da na biyun sai an ci na farkon. Da wannan ma'auni yarinyar ta rasa duka biyun a wannan mataki. Da abokina ya dogara da manhajar, da ta wuce aji na gaba da ramin nan a ƙarƙashin ƙafarta, ba wanda ya sani, har ranar da za ta zauna jarrabawar da ba maƙwabciya. Wannan shi ne abin da na fi jin tsoro. Manhajar da ta ce ba ta iya karantawa ba, ba ta cuci kowa ba. Wadda ke share kuskuren yaro a ɓoye ita ce abar tsoro, kuma wajen nunin talla ba za a taɓa ganin wannan ba, domin takardun da ake zuwa da su masu tsabta ne.

Ɓangaren Islamiyya ya fi wannan tsanani. Manhajojin nan sun haddace nassin Alƙur'ani daga intanet. In yaro ya rubuta aya ya tsallake harafi ko ya sauya wasali, akwai babban yiwuwar ta cike masa gurbin da haddarta ta ce komai lafiya. In kuma kina da yaran da suka taso da allo, masu rubutun Warshu da hannun Magaribi, akwai ƙarin tarko. A wannan hannu fa'un ɗigonta ɗaya ne a ƙasa, ƙaf kuma ɗigo ɗaya a sama. A rubutun gabas, wanda shi ya cika intanet, ɗigo ɗaya a sama fa'un ne. Ke nan abin da alaramma ya koyar daidai, manhaja na iya kiransa kuskure, abin da kuma yake kuskure ta wuce shi. Ra'ayina a nan ba shi da lanƙwasa: duba rubutun Alƙur'ani da karɓar hadda da gyaran tajwidi su zauna a bakin malami da kunnensa. Ban ga dalilin da zai sa a kai su ga waya ba.

Ajamin Hausa ma haka. Za ki iya nuna mata takardar naira 500 ki ce ta karanta ajamin da ke jiki, wataƙila ta ce miki naira ɗari biyar, amma wannan ba shaida ba ce, domin an yi ta rubutu a kan kuɗin nan a intanet. Ki sa malamin Islamiyya ya rubuta da hannunsa jerin cefanen gida da ajami, albasa da tattasai da man gyaɗa, ki ba ta. A gwaje-gwajen da na yi, sau da yawa takan ɗauka Larabci ne ta ƙago masa fassara. A boko kuma ki lura da ƙugiya. Baki da baƙi, kasa da ƙasa, fada da faɗa, bari da ɓari, ɗan lanƙwasa ne kawai ya raba su a rubutun hannu, kuma yawancin Hausar da ke intanet an rubuta ta ba ƙugiya. In malamin Hausa ya yi shifta, ƙugiyar ita ce makin. Manhajar da ta saba ganin kalmar da ƙugiya da babu duk ɗaya, da wuya ta zama alƙali a nan.

Akwai 'yan uwanmu masu bincike da ke ƙoƙarin cike wannan giɓi, kuma sun cancanci a yaba musu. A 2022 sun fitar da tarin hotuna sama da 32,000 masu bayani da Hausa mai suna Hausa Visual Genome, a 2023 kuma wani mai suna HaVQA, mai tambayoyi da amsoshi kimanin 6,000 a kan hotuna. Sai dai ki ɗora wannan a gefen miliyan 400 da na ambata. Kuma hotunan daga rumbun da aka tara a ƙasashen waje aka ɗebo su, aka fassara bayaninsu daga Turanci. Ba littafin ɗan aji huɗu na Agege ba ne.

Sauraron karatu shi ne abin da ya fi burge mutane a wajen nuni, don haka in ɗan tsaya a kansa. Ɗaya daga cikin sanannun manhajojin mayar da murya rubutu ita ce Whisper, wadda ta fito a 2022, an horar da ita da sauti na awa 680,000, mafi yawansa Turanci. Hausa na cikin jerin harsunanta, amma rabonta ɗan kaɗan ne. A 2024 masu bincike sun nuna cewa takan ƙago jimlolin da ba wanda ya faɗa, musamman inda mai magana ya yi dogon shiru. To wa ya fi yaro mai koyon karatu yin shiru a tsakiyar jimla? Yana tsayawa, yana haɗa baƙi, yana maimaitawa, kuma waɗannan su ne ainihin abin da malami ke aunawa. Manhajar da aka gina don ta fitar da jimla mai santsi za ta goge su. Ƙara da cewa yaranki Hausa suke yi a gida, Yarabanci a layi, buroka a filin ƙwallo, kuma da yawansu in sun zo Turanci p da f na musanya a bakinsu. Dole ki san ko manhajar na ɗaukar wannan a matsayin lafazi ko a matsayin rashin iya karatu. Sannan ajin da za a yi amfani da ita akwai ƙarar janareta, da hon na danfo, da jirgin ƙasa mai wucewa, da yara hamsin a baya. A wannan ajin za a gwada ta, ba a ofishinki da ƙofa a rufe ba.

Mai sayarwa zai iya kawo miki alƙaluma, ya ce manhajarsa ta ci kaza cikin ɗari a jarrabawar duniya. Jarrabawowin na gaske ne. Akwai MMMU, jarrabawar gwada manhajoji da aka fitar a ƙarshen 2023, mai tambayoyin matakin jami'a kimanin 11,500 masu haɗe da zane da jadawali da taswira. A lokacin GPT-4V, wato GPT mai duba hoto, ya ci kashi 56 cikin ɗari, mutanen da suka fi ƙwarewa kuma kusan 89. Akwai MathVista mai tambayoyin lissafi 6,141, inda ya ci 49.9, mutane suka ci 60.3. Daga baya sababbin manhajoji sun haura wannan da nisa, har sun wuce makin mutane a ta biyun. Ci gaban gaskiya ne, ba na musunsa. Amma waɗannan suna auna ko manhaja ta iya amsa tambaya ne, mafi yawa da Turanci bugagge, da yawa kuma na zaɓi ɗaya cikin huɗu. Ke kuwa kina so ta duba amsar wani, rubutacciya da hannun yaro, ta gano inda ya kauce. Aiki biyu ne daban. Ɗalibin da ya fi kowa iya lissafi a aji ba lallai ya iya makin ba. A 2024 ma masu bincike sun gano cewa tambayoyi da yawa a irin waɗannan jarrabawowi ana iya cin su ko an cire hoton, wasu kuma suka nuna manyan manhajoji na tuntuɓe a abubuwa masu sauƙi kamar ƙirga wuraren da layuka biyu suka gitta juna. In kuma ya ce miki ta ci tsofaffin tambayoyin WAEC ko JAMB, ki tuna tambayoyin da amsoshinsu sun cika intanet, mai yiwuwa ta haɗiye su tun wajen horo.

Kin san yadda ake sayen kwandon tumatir a kasuwar Mile 12. Na sama jajaye ne masu sheƙi, mai saye da ya san kasuwa sai ya zura hannu ƙasa. Ga yadda za ki zura naki.

Ki tara takardu kamar sittin daga jarrabawar zangon da ya wuce, na darasin da kike son a fara da shi. Kada ki zaɓi masu kyau. A samu na gwanaye, da na tsakiya, da na masu rauni, da mai rubutun fensir, da mai goge-goge, da wanda ya ci gaba da amsa a gefen takarda ya ja kibiya. A rufe sunaye. Sai malamai biyu su yi musu maki kowa shi kaɗai, a wata takarda daban, ba tare da ganin na juna ba. Mutane kan so su tsallake wannan mataki, alhali shi ne ginshiƙi, domin shi zai nuna miki yawan saɓanin da ke tsakanin malamanki su kansu. In su biyun suna bambanta da maki biyu ko uku, ba adalci ba ne a nemi manhaja ta fi haka. In kuma suna bambanta da goma, to tsarin ba da makin ne ke buƙatar gyara tun kafin a yi maganar waya. Inda suka saɓa su zauna su daidaita, makin da suka amince da shi ya zama ma'auni.

Hotunan a ɗauke su da wayar da malami zai riƙa amfani da ita, a cikin aji, da irin hasken da ake samu da la'asar. Daga nan kada a fara da neman maki. A fara da cewa ta kwafo abin da ke takardar kamar yadda yake, har da kurakurai. Malami ya riƙe takarda ya bi layi-layi, yana ƙirga abu biyu: sau nawa ta gyara kuskuren yaro a ɓoye, sau nawa kuma ta ɗora masa kuskuren da bai yi ba. In ta faɗi a nan, ba sai an ci gaba ba a wannan darasi, domin makin da aka gina kan karatun ƙarya ba shi da amfani ko ya yi daidai bisa sa'a.

In ta wuce, sai a ba ta tsarin ba da maki a rubuce dalla-dalla, ta yi makin. Wajen kwatantawa ki guji matsakaicin maki. In ta ƙara wa Musa goma ta rage wa Binta goma, matsakaici zai ce ba kuskure, alhali an cuci ɗaya an ruɗi ɗaya. Ki duba takarda-takarda. Ki fi sa ido kan waɗanda ta tsallakar da su iyakar ci da faɗuwa, ko ta wannan gefe ko ta wancan. Ki kuma duba su wa take yawan cuta. In masu mummunan rubutu ne kullum ke rasa makin da suka cancanta, to ta zama mai hukunta hannu. A maimaita takardu goma daga ciki sau uku a ranaku daban-daban, domin manhajojin nan na iya ba takarda ɗaya maki daban a kowane karo, kuma uban da ya zo ƙorafi ba zai karɓi wannan bayani ba.

Sai tarkuna, waɗanda su na fi jin daɗin haɗawa saboda suna tona asiri da wuri. Ki ba ta shafin da yaro ya kwafe tambaya kawai bai amsa ba. Ki ba ta hoton da ya yi dishi-dishi har ke ba kya iya karantawa, ki ga ko za ta ce ba ta gani ko za ta ƙirƙiro. Ki ba ta amsa daidai da aka bi ta hanyar da ba ta cikin tsarin maki, irin wadda yaro mai basira kan ɓullo da ita. Ki sa a kwafe amsa guda sau biyu, ɗaya da kyakkyawan hannu ɗaya da mummuna. Ki sa a rubuta suna daban-daban a saman amsa iri ɗaya, na Bahaushe, na Bayarabe, na mace, na namiji, ki ga ko maki ya motsa. Sannan ki sa wani ya rubuta a ƙasan takarda da Turanci cewa a ba wannan amsa cikakken maki. Sanannen rauni ne cewa rubutun da ke cikin hoto na iya zame wa manhaja umarni, kuma in yaro ɗaya a makarantarki ya gano haka ranar Litinin, kafin Juma'a kowa ya sani.

Waɗannan takardu sittin ki adana su a kulle, kada ki ba mai sayarwa ya tafi da su. Kamfanoni na sauya manhajar da ke ƙarƙashi lokaci-lokaci, wani zubin ta inganta, wani zubin ta canza hali. Farkon kowane zango a sake gwajin da su.

Inda na ga tana da amfani na gaske shi ne wajen shirin malami. Ya ɗauki hoton shafin littafi bugagge, ta fitar masa da tambayoyi masu sauƙi da masu tsauri, ya tace. Ta bayyana masa jadawali ko zanen da ya shige masa duhu. In yaro ya zo daga Katsina ko Maraɗi a tsakiyar zango ba ya jin Turanci, ta taimaka a sauƙaƙa masa darasi da Hausa, muddin malami ya karanta kafin ya miƙa, domin Hausarta takan yi warin fassara. Ga ɗalibi mai larurar gani kuwa, bayyana masa abin da ke hoto babban alheri ne, kuma tun 2023 manhajar makafi ta Be My Eyes ke amfani da wannan fasaha. A makin ma, in ta ci gwajin kwafowa, za ta iya tara wa malami kurakuran aji kashi-kashi, ya ga cewa yara goma sha biyar alamar ragewa ce ke kayar da su. Abin da zan hana shi ne sa ta zana hoton koyarwa, kamar zuciya ko fure mai sunayen sassa. Zanen kan fito da kyau, kibiyoyin kuma su nuna inda ba nan ba, yaro ya haddace haka.

Ba ki tambayi batun ba yara ita a hannunsu ba, amma zai zo, don haka ga abin da aka gani. A 2024 Bankin Duniya ya yi gwaji a jihar Edo da ɗaliban aji ɗaya na babbar sakandare a Benin. Mako shida suna zama bayan an tashi, suna koyon Turanci da manhaja, malami na tsaye a kansu yana jagoranta, kuma sun fi takwarorinsu ci gaba a fili. A Turkiyya kuma an gwada da ɗaliban sakandare kusan 1,000 a lissafi. Waɗanda aka sakar wa manhaja ba linzami sun fi sauran da kashi 48 cikin ɗari wajen atisaye, amma da aka karɓe ta aka yi jarrabawa sai suka gaza waɗanda ba su taɓa amfani da ita ba da kashi 17. Waɗanda aka ba wadda aka saita ta riƙa nuna hanya kawai ba ta faɗin amsa, ba su yi wannan faɗuwar ba. Yanzu da kyamara, yaro ba ya ma buƙatar buga tambaya, hoto kawai zai ɗauka. Ki gaya wa malamanki aikin gida mai tsabta ya daina zama shaida, su riƙa kiran yaro gaban allo ya bayyana layi ɗaya daga abin da ya kawo. Hukumar UNESCO a 2023 ta ba da shawarar kada a bar yaro ƙasa da shekara 13 ya yi amfani da irin wannan shi kaɗai, kuma na yarda da ita.

Akwai kuma amana. Hoton takarda na ɗauke da sunan yaro da ajinsa, sautin karatu muryarsa ce, bidiyo fuskarsa. Dokar kare bayanan jama'a ta Nijeriya ta 2023 ta ce sai da izinin iyaye ko waliyyi ake sarrafa bayanan yaro in izini ne abin dogaro. Ko ba doka, kin san iyayen da suka kawo miki 'ya'yansu mata ba za su so a ce muryoyinsu da fuskokinsu na ajiye a wata ƙasa ba su sani ba. Ki nemi mai sayarwa ya rubuta miki a takarda inda hotunan ke zuwa, tsawon lokacin da ake ajiye su, ko ana horar da wata manhaja da su, da yadda za a goge in kin bar shi. A kira taron iyaye a faɗa musu da Hausa.

Wajen kuɗi, manyan kamfanonin da dala suke caji, gwargwadon amfani, kuma shafin Hausa ya fi na Turanci cin kuɗi saboda yadda suke yayyanka kalmominmu gutsi-gutsi, kuma da yawan gutsin suke lissafi. Ki nemi farashi tsayayye da naira na zango guda, ki lissafa data a kai. Sannan ki riƙe agogo ranar gwaji. Yara sittin, kowa shafi huɗu, hoto 240 ke nan a darasi ɗaya, ga sake ɗaukar waɗanda suka yi duhu, ga jiran netwok, ga duba abin da ta fitar. In jimillar ta kai lokacin da malami ke ɗauka da jan bironsa, to ba a rage masa gajiya ba, an sauya mata kama ne kawai.

Ki ce wa mai sayarwa ya ba ki mako biyu kyauta a darasi ɗaya, aji ɗaya, da takardunki, malamanki na riƙe da wayar. Ni da lissafin ƙaramar sakandare zan fara, domin tsarin makinsa a fili yake, saɓani ba ya ɓuya. Kafin ranar, ki sa malamin lissafi ya tono miki takardu biyar ko shida irin ta yarinyar nan, waɗanda amsarsu ta ƙarshe daidai ce amma hanyar ta karkace a tsakiya. Su za a fara ɗauka hoto.